DNA a Tsakar Gidan Baba Sumani

Kobe, Japan
Afrilu

Zuwa ga Goggona Adizatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya ƙafar taki? Kin ce ta daina kumbura, amma ke ce kika taɓa kiran zazzaɓin da ya kwantar da ke "ɗan mura", don haka ban yarda ba sai na ji daga bakin wani. Ki gaishe mini da mutanen Kanvili. In kin shiga unguwar Moshi Zongo ki gaishe mini da Baba Sumani da kyau, sannan Yaya Kamaldeen da matarsa Rahimatu, da yara, da duk mai shan ruwan randar gidan.

Hoton wasiƙarki ya iso. Har yanzu ina dariyar dokar da kika kafa, wai tsohuwar malamar makaranta ba ta surutu a saƙon murya, sai dai ta rubuta a takarda ta ɗauki hoto. To na bi doka, ga tawa.

Kin ce in gaya miki takamaimai abin da nake yi, don kin gaji da ce wa mutane "tana karatun kimiyya". Bari in gwada. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani zare siriri da ido ba ya gani, shi ake kira DNA. A littafin makaranta an zana mana shi igiya mai tufka biyu, tsaf-tsaf, shi kaɗai a farar takarda. Haka masana suka daɗe suna nazarinsa, cikin ruwa tsararo a kwalba, ba kowa kusa da shi. Amma a jiki ba haka yake zaune ba. Ƙwayar halitta cike take maƙil da abubuwa manya da ƙanana suna gogar juna, kamar tsakar gidan Baba ranar suna. Aikina shi ne in cika kwalbar da wasu sinadarai masu kauri har su matse shi, sannan in riƙa ƙara zafi a hankali in ga inda zai warware. In ya daɗe bai warware ba, naɗinsa ya yi ƙarfi ke nan.

A taƙaice, Goggo, gaskiyar DNA nake nema. Abin da aka nuna mana tun muna yara ba shi ne duka labarin ba, kuma hankalina ba zai kwanta ba sai na gani da idona.

Abin dariyar shi ne, ni mai nazarin cunkoso ni ce ba ni da kowa. Ɗakina a nan shiru yake har kunne ya yi ciwo. Maƙwabcina ko sunansa ban sani ba, sai dai mu sunkuya wa juna a bakin ƙofa kowa ya wuce. Ina kewar gida ba kaɗan ba. Ina kewar ranar da famfo zai kawo ruwa, a ji wata ta ƙwala kira daga lungu, kowa ya fito da bokiti da robobi, a yi ta faɗa a kan layi ana dariya. Ina kewar kokon safe da ƙosai mai zafi a takarda, da ƙamshin wagashi, cukun nan na nonon shanu, a kasko, da rediyon Baba da ba ya kama tasha sai an mare shi. Da can ina addu'ar in sami ɗaki nawa ni kaɗai. Allah ya amsa, ya kuma bar ni da shi.

Ki karanta wa Baba wannan, ya san ba zaman banza nake yi ba.

Taki,
Wasilatu

*

Kanvili, Tamale
Mayu

Wasilatu,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafa da sauƙi, kuma ba na son a riƙa binciken lafiyata ta bayan fage. Ruwan sama ya sauka, zafi ya ragu, famfo kuwa yana nan da halinsa. Kamaldeen da Rahimatu suna gaishe ki. Yara suna gaishe ki, sun ce ki kawo musu abin da ake ci da tsinke.

Kin ga ban sa sunan Baba a masu gaisuwa ba. Ba mantuwa na yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je gidan da wasiƙarki. Kin san gidan, ba a karanta wa mutum ɗaya abu. Kafin in gyara tabarau an kewaye ni, har da matan da ke haya a gidan da ba su taɓa ganinki ba. An yi dariyar rediyo, Baba ma ya murmusa. Da na kai inda kika ce gaskiyar DNA kike nema, abin da aka nuna miki tun kina yarinya ba shi ne duka labarin ba, sai Rahimatu ta saki ludayi a tukunya. Ta ce, "DNA? Ba shi ne wanda suna yi a talabijin ba, in namiji ya ce yaro ba nashi ba ne? Eii, Wasila yana neman babanshi."

Na ce ta rufe mini baki, wannan na littafi ne. Amma magana ta riga ta fita, kuma a zongon nan ba wanda ya san DNA da wani aiki in ba wannan ba. Baba ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Ya ce, "To. Yana da gaskiya." Ya ɗauki hularsa ya fita, tuwon da aka ajiye masa har ya huce bai dawo ba. Washegari na tambaye shi me zan rubuta miki daga bakinsa, ya ce, "Rubuta naki."

Ni malama ce, na san akwai DNA na aji. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na dawo gida na sake karanta layin nan ni kaɗai, ni ma ya tsaya mini a rai. Ina jin haushinki, ina kuma jin tausayinki, ban san wanne ya fi ba.

Ba a taɓa ɓoye miki komai ba a gidan nan. Kin san uwarki Fatimata, Allah ya jiƙanta, 'yar ƙanwar mahaifiyarmu ce. Kin san da cikinki ta shigo gidan, bayan mahaifinki Ɗankande ya rasu a hanyar kai shanu kudu. Yayana Sumani ne ya yanka rago, shi ya raɗa miki suna, shi ya tsaya gaban hedimasta ya ce a rubuta Wasilatu Sumani. Da Fatimata ta bi mijinta lahira, ba a ko yi zaman shawarar inda za ki koma ba, don ba wanda ya ga abin shawara.

In dangin mahaifinki kike so, ba laifi ba ne, kowa yana son ya san tushensa. Amma ki faɗa a fili kamar 'yar gidan nan, kada ki naɗe shi cikin kwalba da sinadari. Tsohon nan ya fi ƙarfin a yi masa magana a kaikaice.

Goggonki,
Adizatu

*

Kobe
Mayu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da kowa. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta wasiƙarki abinci ba ya wuce mini. Da farko dariya na yi, na ce Rahimatu ba za ta kashe ni ba. Da na kai inda Baba ya ɗauki hularsa, dariyar ta tsaya. A ɗakin gwaji nake, sai da na fita waje na yi kukana.

Goggo, DNA ɗin da nake aiki da shi ba shi da uba. Ba shi da uwa ma. Ba daga jinin kowa aka ɗebo shi ba. Inji ne yake ƙera shi, mu rubuta irin wanda muke so a aiko mana da shi a 'yar kwalba, ɗan fari-fari a gindinta kamar gishirin da ya bushe. Ko da zan kwana shekara ina dafa shi ba zai gaya mini sunan kowa ba.

Ga abin da nake nufi da cewa ba a gaya mana duka labarin ba. Mun ɗauka igiyar nan mai tufka biyu ita ce kaɗai surar DNA, kuma ita ce mafi ƙarfi. A ruwa tsararo haka abin yake kama. Amma da muka matse gajerun zaruruwa cikin cunkoso, sai muka ga tufka biyun tana saurin warwarewa. Dalili shi ne tana buƙatar ruwa ya lulluɓe ta kafin ta zauna daidai, su kuwa masu cunkoson sun riƙe ruwan, bai isa kowa ba. Akwai kuma wata sura da littafinmu bai zana ba, inda zare ɗaya yake lanƙwasa a kan kansa ya zama ginshiƙi huɗu. Ita wannan in za ta naɗe sakin ruwa take yi, don haka ƙarancin ruwa taimakonta yake, sai ta ƙara jure zafi. Ana samun irinta a ƙarshen zaruruwan jikinmu, kuma masu neman maganin ciwon daji suna son su san yadda take zama a cikin jiki na gaskiya, ba a kwalba ba. Wannan ce gaskiyar da na ce ina nema. Ba wata.

Ni da na ce ki karanta wa Baba, so nake ya yi alfahari da ni. Na manta yadda kalmar take sauka a kunnen zongo. Na daɗe ina faɗinta safe da yamma a nan har ta zama kamar in ce shinkafa.

Ki duba ko sunan da nake kiranki da shi. In jini za a bi, ke 'yar uwar mahaifiyata ce, Inna ya kamata in ce miki. Goggo nake cewa, don ke ƙanwar babana ce. Ba wanda ya koya mini haka, da shi na buɗe baki.

Ina tuna Baba yana ɗora ni a kan kekensa zuwa makaranta, ya naɗa tsumma a ƙarfen don kada ya ji mini ciwo, yana gaisawa da Dagomba da yarensu, da Moshi da nasu, mu isa a makare kullum saboda gaisuwa. Ina tuna ranar da aka binne Mama, mata suna ta janye ni, shi ya ce a bar ni, ya zaunar da ni kusa da shi a zaure cikin maza. Mutumin da ya yi mini haka, wace kwalba zan tambaya a kansa?

Don Allah ki je da kanki ki karanta masa wannan, ke da shi kawai, ba a tsakar gida ba.

'Yarki,
Wasilatu

*

Kobe
Yuni

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Wayata ta nuna kin buɗe wasiƙata, amma ba amsa.

Na karya dokarki na kira Yaya Kamaldeen. Duk sanda na kira sai ya ce, "Baba ya fita." Baban da gwiwa ta hana shi zuwa ko'ina sai masallaci, ina yake fita? In ba ya son ya ji muryata ne, gara a gaya mini, zan fi iya ɗauka.

Aiki ya tsaya mini. Jiya na manta na bar kwalabe a buɗe, ruwan ya ƙafe, sai an sake daga farko. Malamina ya dube ni ya ce in je in huta.

An ba mu hutu a watan Agusta, kuma na yi niyyar zuwa gida, rabona da Tamale an daɗe. Tikitin yana nan a buɗe a kwamfuta, na kasa dannawa. Ban san inda zan sauka ba. In na ja akwatina na shiga gidan Moshi Zongo, Baba ya amsa sallamata kamar ta baƙuwa, Goggo, ba zan iya ba. Tsoro nake ji.

Wasilatu

*

Kanvili, Tamale
Yuli

Wasilatu,

Wa alaikis salam. Ki yi haƙuri da shiruna. Ƙafar da na ce da sauƙi ita ta kwantar da ni, kuma kada ki kuskura ki ce kin faɗa. Yanzu na miƙe. Kowa lafiya, an yi ruwa sosai bana, masara ta yi kyau a bayan gidana.

Ban so in rubuto miki hannu wofi ba, shi kuwa tsohon ya gagara kamuwa. Kamaldeen bai yi miki ƙarya ba. Tun bayan ranar nan Baba yake fita da sassafe a keke mai ƙafa uku, ya dawo da yamma takalmansa duk laka da kashin shanu, a tambaye shi ya ce harkarsa ce. Rahimatu da ta kunna wutar ita ta fi kowa damuwa, har ta rame, ni kuma ban lallashe ta ba.

Jiya na je da sandata na tsare shi a ɗakinsa, na rufe ƙofa, na karanta masa wasiƙunki biyu. Da na gama ya ce in kawo takarda. Abin da ke ƙasa nasa ne, kamar yadda ya faɗa. "Ya" da "ta" kawai na gyara masa, don ya mai da kowa namiji, ni kuma hannuna ba ya iya wucewa ya bar kuskure.

Wasila, ni ne babanki. Ina gaishe ki. Yaya karatu, yaya mutanen da kike zaune da su? Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai, ita ma ta saba da ni.

Maganarki ta farko ta yi mini zafi paa, ba zan ce ba ta yi ba. Na fita na zauna a masallaci. Da zafin ya sauka sai na ce, yarinyar nan in jininta take nema, ba za ta neme shi a kwalba a ƙasar mutane ba ina raye. Ni zan nemo mata. Ban gaishe ki ba don ban so in gaishe ki da baki kawai ba.

Na fara da Yidana mahauci na kasuwar Aboabo, shi yake sayen shanu a hannun Ɗankande a wancan zamani. Ya tsufa, kunnensa ya tafi, sai da na yi ta ihu kamar ina kiran salla. Ya tura ni kasuwar shanu. Mutanen kasuwar shanu suka tura ni ruga, mutanen ruga suka tura ni wata rugar. Na sha nono a wata biyun nan fiye da abin da na sha tun da aka yaye ni.

A bayan garin Kumbungu na same ta. Sunanta Azeta, ƙanwar mahaifinki ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Nono take sayarwa, tana yin wagashi. Ban tambayi kowa ba na gane ta, wushiryarki ce a bakinta. Lokacin da ɗan'uwanta ya rasu suna can arewa da shanu, labarin da ya kai musu shi ne cikin bai tsaya ba. Ba ta san akwai ki a duniya ba koraa, ko kaɗan. Da na nuna mata hotonki ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani. Ni ma na juya na kalli shanu.

Yau kuma Adizatu ta karanta mini cewa DNA ɗinki ba shi da uba, inji ne ya haife shi. Na yi dariya har tari ya kama ni. Ashe duk yawon nan ba wanda ya aike ni. To, amma na riga na je, kuma matar nan ta riga ta sani. Ba zan koma in ce mata kuskuren kunne ne ba. Tana jiranki, ta ware miki maraƙa.

Zancen zarenki ban gane duka ba. Na dai ji akwai wanda yake ƙarfi in an matse shi ruwa ya yi kaɗan. In haka ne Tamale ya kamata ki kawo shi, ba sai kin sayi sinadari ba. Ki yi aikinki da kyau, ki rufe kwalabenki. Ina alfahari da ke, na gaya wa liman.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai a wasiƙarki, kuma ya fi na farko zafi. Wai ba ki san inda za ki sauka ba. Ki danna tikitin nan yau. In kin huta za mu je wurin Azeta tare, ki gaishe ta, ki kwana in kina so, ta ba ki labarin mahaifinki, don ita ta san shi fiye da ni. Can za a shimfiɗa miki tabarma a yi miki sannu da zuwa. A gidana ba wanda zai shimfiɗa miki komai, kin san inda tabarmarki take. Ni ba baƙuwa nake jira ba.

Babanki,
Sumani